Yadda Ake Auna Sifikar Haɗin Gida Kafin a Ɗaura Mata Kirosoba

Na taɓa haɗa wa wani ƙanena akwatin sifika, ufa (babbar sifikar sauti mai kauri) mai inci 8 da tuwita (ƙaramar sifikar siririn sauti) ɗaya. Kafinta ya yi aikinsa tsaf. Ni kuma na sayo haɗaɗɗiyar kirosoba, wato na'urar da ke raba musu sauti, a kasuwa, an rubuta om 8 (ma'aunin turjiyar lantarki) da 3000 Hz (ma'aunin kauri ko sirantar sauti) a jikinta, na ɗaura. Ganga na fita, amma muryar mawaƙi kamar daga cikin randa, in an ƙara sauti kuma kunne ya hau zafi. Ba a yi wata ba tuwita ta mutu. Da na kwance ta, zaren koyil ɗinta ya yi baƙi ƙirin, yana ƙauri. Abin ya yi mini ciwo, domin kuɗin yaron ne, kuma tarawa ya yi.

Aikin kirosoba shi ne rabon sauti: mai kauri ta miƙa wa ufa, siriri ta miƙa wa tuwita. Matsalar ta kasuwa ita ce ba ta san sifikarka ba. An lissafa ta ne a kan cewa sifika na da turjiyar om 8 a kowane sauti, alhali ba haka abin yake ba. Sa mitar awon lantarki a bakin ufar da aka rubuta wa om 8, za ka ga wajen 6. A sautin da take girgiza da kanta turjiyar kan yi tsalle ta ninka sau da yawa, sannan yayin da sauti ke sirancewa sai ta riƙa hawa saboda koyil ɗin cikinta. A daidai inda kake son yin rabo tana iya haura om 12. Lissafin da aka gina a kan 8 ya tashi a banza ke nan.

Kayan aiki

Kana bukatar kwamfuta, amfilifaya, mita, da makirfon awo. Makirfon waƙa ba zai yi ba, domin an ƙera shi ne ya ƙawata murya. UMIK-1 na kamfanin miniDSP a USB ake soka shi, kuma kowanne na da fayil ɗin gyara da ake saukewa da lambar jikinsa. Kada ka manta da wannan fayil. Behringer ECM8000 ma na aiki, sai dai yana son na'urar sauti mai ba shi wutar volt 48. Manhajar awo ita ce REW, wadda John Mulcahy ya rubuta, kyauta ce. Ta zana kirosoba kuma VituixCAD ko XSim, su ma kyauta.

Mataki na farko: gama akwati

Kada ka auna sifika a kan tebur. Ɗaura ufa da tuwita a akwatin da za su zauna, ka zuba audugar ciki, ka toshe duk inda iska ke zurara, sannan ka fito da wayoyin kowacce daban ta baya. Dalili kuwa, faɗin fuskar akwati na canja sauti. Sauti mai kauri yakan zagaya bayan akwati, siriri kuma ya tafi gaba kai tsaye, don haka na ƙasa yakan ragu har kusan 6 dB, wato ma'aunin ƙarfin sauti. Raba 115 da faɗin fuskar a ma'aunin mita za ka san tsakiyar inda abin ke faruwa. Fuska mai santimita 25 tana ba da 460 Hz. Wanda bai kula da wannan ba, sifikarsa za ta riƙa tsawa ba nauyi.

Mataki na biyu: turjiya

REW na auna turjiya da rezista ɗaya mai om 100 da aka jera tsakanin mafitar abin sawa a kunne da sifika. Wanda ke da hali ya sayi DATS na Dayton Audio, ya fi sauƙi. Auna ufa, auna tuwita, ka adana kowanne a fayil na ZMA, wato fayil ɗin awon turjiya. A zanen tuwita nemi inda layi ya yi tozo. Nan ne sautin girgizarta, kuma nan ne take saurin lalacewa. Wurin da za ka raba sauti ya kasance aƙalla ninki biyu na wannan lamba. In tozon na kan 900 Hz, kada ka sauko ƙasa da 1800.

Mataki na uku: awon sauti

A nan aikin yake, kuma a nan mutane ke gaggawa. Makirfo ba sifika kaɗai yake ji ba, yana jin amsa-kuwwar ƙasa da bango da rufi. Don haka nakan fito da akwati tsakar gida bayan sallar asuba, kafin maƙwabta su ta da janareta, kafin masu babur su fito. In a ɗaki ne, kashe fanka, ka ja akwatin tsakiya.

Ɗora shi a kan doguwar kujera, tuwita ta kai tsayin mita 1.2 daga ƙasa. Makirfo ya fuskance ta, a tsayi ɗaya, tazarar mita 1. Sautin da ya zo kai tsaye ya yi tafiyar mita 1. Wanda ya bugi ƙasa ya dawo ya yi mita 2.6. Bambancin mita 1.6 ne, kuma tunda sauti na gudun mita 343 a daƙiƙa, amsa-kuwwar za ta makara da kimanin milisakan 4.7 (milisakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa). A zafinmu na bazara sauti ya fi haka sauri, yakan kai 352 a digiri 35, shi ya sa nake yankewa a milisakan 4. A REW za ka ga wannan da idonka: tsini babba na farko, sai wani ƙarami a bayansa. Sa iyakar taga, wato tsawon lokacin da manhaja za ta yi aiki da shi, dab kafin ƙaramin, manhaja ta watsar da duk abin da ya biyo baya. Abin da ka rasa shi ne, duk sautin da ke ƙasa da 250 Hz ba abin dogaro ba ne a wannan awo. Ba damuwa, rabonka na can sama. In kana son ganin bes, matso da makirfo kamar santimita 1 daga takardar ufa ka yi awo daban.

Kafin ka auna tuwita, jera mata kafasita babba, kamar 47 µF, ka fara sautin gwaji daga 500 Hz, kuma a hankali. Volt 2.83 shi ne wat ɗaya a om 8, kada ka wuce haka.

Awo uku za ka yi: ufa ita kaɗai, tuwita ita kaɗai, sai su biyun tare. Tsakaninsu kada ka taɓa makirfo, kada ka taɓa maɓallin ƙara, ko kujerar kada ta gusa. Na ukun shi ke nuna maka ratar da ke tsakanin inda sautin ufa ke tasowa da na tuwita, domin na ufa daga can cikin kwarinta yake fitowa. A manhaja za ka riƙa matsar da ufa baya kaɗan-kaɗan har jimillar biyun ta hau kan awo na uku. Adana su a fayil na FRD, wato fayil ɗin awon sauti.

Mataki na huɗu: zane

Ufa mai inci 8 takan fara tattara sautinta wuri ɗaya kamar hasken tocila daga wajen 2000 Hz, wanda ke gefe ba ya samun rabonsa. Ka ga 3000 ɗin da na ɗaura wa ƙanena ya yi mata sama da yawa. A nan nakan fara da 2000.

Kafasita ɗaya tak a tuwita tana rage sauti da 6 dB ne kawai duk lokacin da lambar Hz ta ragu da rabi, kuma wannan bai isa kariya ba. Na fi son kafasita da koyil a kowane ɓangare, irin tsarin Linkwitz-Riley, wanda aka sa wa sunan injiniyoyi biyu, Siegfried Linkwitz da Russ Riley. A tsarin, kowace sifika na sauka da 6 dB a wurin rabo, jimillarsu ta miƙe. Lissafin farawa: kafasita a µF ita ce 79,600 a raba da (om sau Hz), koyil a mH shi ne 318 sau om a raba da Hz. A om 8 da 2000 Hz za ka samu kusan 5 µF da 1.27 mH. A ufa koyil ne a jere, wato a kan wayar da ke zuwa sifikar, kafasita a gicciye, wato tsakanin wayoyinta biyu. A tuwita akasin haka, kuma a wannan tsari ana juya wayoyin tuwita.

Waɗannan lambobi mafari ne kawai. Zuba fayilolinka a manhaja ka riƙa canjawa kana kallon layi. Kusan kullum koyil ɗin ufa sai ya fi na lissafi girma, saboda ragin nan na fuskar akwati. Tuwita kuma ta fi ufa ƙarfi, sai an rage mata da rezista biyu: om 4 a jere da om 8 a gicciye suna rage 6 dB a tuwita mai om 8. Idonka kuma na kan jimillar turjiya, kada ta faɗi ƙasa da abin da amfilifayarka ke ɗauka.

Mataki na biyar: haɗawa da tabbatarwa

Kafasita ta zama marar fulas da mainas, rezista mai wat 10. Koyil biyu kada su kwanta gefe da gefe, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye, kuma da tazara, don kada maganaɗisun ɗaya ya shiga ɗaya. Kada ka yi solda tukuna. Haɗa a kan katako a wajen akwati da 'yan maƙalai, ka sake awo a inda ka yi na farko.

Sannan ka yi gwajin da na fi yarda da shi: juya wayoyin tuwita ka sake aunawa. In ufa da tuwita na tafiya taku ɗaya, layi zai zurma rami mai zurfi daidai wurin rabo, domin suna kashe juna. Ramin ya yi zurfi, aiki ya yi kyau, mayar da wayoyin. In ɗan kwari ne kawai, ko ya karkace gefe, koma manhaja. A nan gani ya kori ji, domin kunne yakan saba da sauti cikin minti kaɗan ya ce ya yi.

Juya akwatin digiri 30, sannan 60, ka duba ko wani tudu ya ɓullo a kusa da rabo. Daga nan sai ka sa muryar da ka sani sarai, karatu ko labarun rediyo, ka zauna ka saurara. In harafin "s" na sukar kunne, ƙara wa rezistar jere rabin om ka sake ji. Sai ka gamsu za ka yi solda, ka ɗaure koyil da igiyar roba, ka kafe katakon a bangon akwati nesa da maganaɗisun ufa.