Yadda ake lissafin mai a wasannin tseren mota kafin a tashi

A shagunan gem na Nima da Mamobi a birnin Accra, abin da ya fi kayar da sababbin 'yan tsere ba kwana ba ne, mai ne. Yaro zai ja gaba tun daga tashi, sai a zagayen ƙarshe inji ya fara shaƙewa, waɗanda ya bari a baya su wuce shi ɗaya bayan ɗaya. Wani kuma don gudun hakan ya cika tanki fal, yana mamakin dalilin da ya sa motarsa ta ƙi tsayawa a birki. Wasanni irin su Assetto Corsa Competizione da iRacing da Gran Turismo 7 suna ƙona mai gwargwadon yadda ƙafarka take a kan totur, suna kuma lissafa nauyinsa. Lita ɗaya ta fetur kusan kilo 0.75 ce, wato lita 100 kilo 75 ke nan, nauyin buhun shinkafa ɗaya da rabi a bayan mota.

Mataki na farko, ka auna abin da motar ke sha a zagaye ɗaya. Shiga atisaye da motar da za ka yi tsere da ita, a kan hanyar da za a yi tseren, ka yi zagaye biyar a jere da irin gudun da za ka iya riƙewa har ƙarshe. Kada ka saka zagayen da ka fito daga gareji a lissafi, taya ba ta yi zafi ba, kuma lallaɓawa kake yi. Wanda ka faɗa ciyawa a cikinsa ma ka jefar da shi. Allon motar zai nuna maka litar da kake sha a kowane zagaye. A hanyar tsere ta Monza da ke Italiya, mai tsawon kilomita 5.793, motar tsere ta rukunin GT3 takan sha wajen lita 3, a hanyar Spa da ke Beljiyam mai kilomita 7.004 kuma ya fi haka. Naka adadin ka rubuta, ba na abokinka ba.

Mataki na biyu shi ne inda ake ɓata komai, don haka a nutsu. Tseren intanet da dama da lokaci ake yin su, ba da yawan zagaye ba. A ce tseren minti 25 ne, kai kuma kana zagaye Monza a 1:50. Sai ka ga mutum ya ɗauki waya ya raba 25 da 1.50, ya samu kusan 17. Kuskure ne, domin 1:50 minti ɗaya ne da daƙiƙa hamsin, ba ɗaya da rabi ba. Mayar da komai daƙiƙa: minti 25 daƙiƙa 1,500 ne, zagayenka 110. Raba, za ka samu 13.6. To babu wanda ke tsayawa a tsakiyar zagaye. Idan agogo ya kai sifili, sai na gaba ya ƙarasa zagayen da yake ciki kafin a ɗaga tuta, kai ma sai ka ƙarasa naka. Saboda haka 14 ne, kullum sama ake cikewa. Ƙara zagaye ɗaya na ajiya wanda zai ɗauke zagayen ɗumama taya kafin tashi, ya zama 15. Idan awonka ya nuna lita 3.1, to 46.5 ke nan, ka zuba 47. Ajiyar zagaye biyu ko uku tsoro ne kawai, ɗaya ya isa.

A gwajin neman gurbin tashi kuwa, zuba na zagaye huɗu ko biyar kawai.

Gran Turismo 7 nasa tsarin daban. Mai shirya tsere yana iya ninka shan mai sau uku ko biyar ko fiye, saboda haka wannan adadin ka fara dubawa. Matakin shan mai na inji, wanda kake iya saitawa, daga 1 zuwa 6 yake, 1 ya fi ƙarfi da shan mai, 6 ya fi tsimi. A wasan F1, wato na gasar motoci ta Formula 1, babu ƙarin mai a tsakiyar tsere, kamar yadda aka hana a gasar gaske tun 2010, abin da ka tashi da shi da shi za ka gama.

Idan ka hango mai ba zai kai ba, kada ka jira zagayen ƙarshe. Ɗaga ƙafa daga totur kamar mita 50 kafin wurin da ka saba taka birki, ka bar mota ta gangara, musamman a ƙarshen doguwar miƙaƙƙiya. Sauya giya da wuri kafin allura ta kai ja. Laɓe a bayan motar da ke gabanka, ita ke yanka maka iska. Duk wannan ba sai da sitiyari mai tsada irin Logitech G29 ba, da abin riƙewa na hannu ma ana yi, sai dai ka koyi matsa maɓallin totur rabi. Tseren da ke da tsayawar dole, saita litar da za a ƙara maka tun kana gareji, ba kana tuƙi a kwana ba.