Ware wa na'ura wurin DMA a Linux idan ba ta kaiwa ƙarshen RAM

DMA ita ce hanyar da na'ura ke karantawa ko rubutawa cikin RAM kai tsaye, ba sai ta bi ta CPU ba. Na sha wahala da wani tsohon katin sauti a kan wannan. Direban (manhajar da ke sarrafa na'urar) da na rubuta masa lafiya lau yake a kwamfuta mai RAM gigabait 2, amma da na kai shi mai gigabait 8 sai shuru. Laifina ne: na ware wuri a RAM da kmalloc, na miƙa wa katin adireshin da virt_to_phys ta ba ni, alhali katin adireshi mai bit 32 kawai yake iya lissafawa, wato gigabait 4 na farko ne iyakarsa.

Ga yadda ake yi. Tun cikin probe (aikin direba da ake fara kira idan an gano na'urar), ka sanar da kernel, wato zuciyar Linux, iyakar na'urarka da dma_set_mask_and_coherent(dev, DMA_BIT_MASK(32)). In ba sifili ta dawo da shi ba, dakata nan.

Sai ka nemi wurin da dma_alloc_coherent. Adireshi biyu za ta ba ka, ɗaya na CPU, ɗaya na na'ura. Na biyun kaɗai ake rubutawa cikin rajistar katin, kada ka rikita su.

In bayanan suna wani wuri tuni, yi amfani da dma_map_single, ka duba ko ta yi nasara da dma_mapping_error. Idan babu IOMMU (sashen da ke fassara wa na'urori adireshi), swiotlb, ma'ajiyar wucin gadi ta kernel, ce ke kwafe su zuwa ƙasan RAM inda na'urar ke gani, kuma megabait 64 kacal take da shi in ba ka ƙara ba. Tsofaffin na'urorin ISA (tsohuwar mahaɗar katuna a PC) kuwa bit 24 ne, megabait 16 na farko kawai suke gani.