Babi na 7: Tafiyar ƙafa ta kwanaki cikin korin Azbin

Darasi na 1: Inda za mu

'Yan uwa, sannunku da ƙoƙari. A karanta a hankali, a ɗora yatsa ƙarƙashin layi. Babu kunya a cikin haka.

Arewa da Agadas akwai duwatsun Azbin, ƙasar Buzaye. A tsakaninsu akwai hanyoyin ruwa masu zurfi: dutse a dama, dutse a hagu, yashi a ƙasa. Mutanen wurin suna ce musu kori. Wanda ya kutsa da ƙafa, misali a yankin Timiya, garin lambunan lemo da rumman da dabino, zai yi kwanaki ba kanti, ba famfo, waya ma a wurare da yawa ba ta kamawa. Abin da ka goyo a jakarka, shi ke nan abin da kake da shi. Lokacin wannan tafiya shi ne sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu.

Darasi na 2: Lissafin ruwa

A nan ne kowane aji yake tuntuɓe, don haka za mu daɗe a nan.

Da lita ake auna ruwa. Ledar fiya wata 2 ita ce lita 1. Mai tafiyar ƙafa lokacin sanyi ya ware lita 5 a yini, don sha da girki da shayi. Lokacin zafi ya fi haka nesa. Rubuta 5 a littafinka.

Yanzu ƙirga yini. Yini nake cewa, ban ce dare ba. Ka fita Litinin, ka dawo Alhamis. Ɗaga yatsu: Litinin, Talata, Laraba, Alhamis. Nawa ke nan? 4. Dare 3 ka kwana a daji, gaskiya ne, amma yini 4 ka sha ruwa. Ranar fita ana jin ƙishi, ranar dawowa ma ana ji.

Sai ka ƙara yini 1 na ko-ta-kwana, saboda ƙafa takan gurɗe, hanya takan ɓace. Wannan alama + tana nufin a ƙara. 4 + 1 = 5.

Wannan kuma × ana karanta ta "sau". Lita 5 sau yini 5. Rubuta haka: 5 × 5 = 25. Lita 25 ga mutum ɗaya. Madalla da wanda ya samu. Wanda bai samu ba ya jera tsakuwa biyar-biyar har kashi 5, ya ƙirga su duka, zai ga 25.

Mu sake. Ka fita Juma'a, ka dawo Lahadi. Yatsu: Juma'a, Asabar, Lahadi. Yini 3. Ƙara na ko-ta-kwana, ya zama 4. 5 × 4 = 20. In ka rubuta 10, dare ka ƙirga, ka kuma manta ƙarin. Goge, ka sake. Ba laifi, haka ake koyo.

Mu ƙara sakewa, yanzu ku 3 ne a tafiyar Litinin zuwa Alhamis. Kowa lita 25. 25 × 3 = 75. Jarka mai lita 25 guda 3 ke nan, cike har baki.

Yallaɓai, ina ganin wasu dattawa suna rufe littafi suna cewa sun san daji tun kafin a haife ni. Na yarda, kuma ina girmama ku. Amma sau nawa zan faɗa? Wanda ya ce "Allah zai kawo" bai cika salkarsa ba, ya zalunci abokan tafiyarsa, don ruwansu zai sha. A buɗe littafi, a ƙirga yini, a ƙara 1, a yi sau 5. Ban yarda kowa ya wuce wannan shafi ba sai ya yi shi sau 3 da hannunsa.

Saura nauyi. Lita 1 kilo 1 ce. Lita 25 kilo 25 ke nan, rabin buhun siminti, ga abinci ga bargo. Ba mai hawa dutse da wannan a baya. Ko dai a samu jaki ko raƙumi, ko jagora ya faɗa maka inda rijiya take, ka yi lissafin daga rijiya zuwa rijiya. Nan ma ka ƙara yini 1, don rijiyar bara tana iya ƙafewa bana. Ruwan da ya kwanta a kwarmin dutse, inda dabbobi suke sha, a tace shi da ƙyalle, a tafasa sosai kafin a sha. In kana tsoron ƙishi, ka yi taimama, ka bar ruwan don sha. Shari'a ta ba ka wannan sauƙi.

Duba fitsarinka. In ya yi ja kamar shayi, ruwa ya yi maka kaɗan. Wanda gudawa ta kama, a zuba masa sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali a lita 1 na ruwa mai tsabta, ya riƙa kurɓa.

Darasi na 3: Wurin kwana

Kada a kwana a tsakiyar kori, komai laushin yashin. Ana iya yin ruwan sama can bisa duwatsu, kai ba ka ga ko hadari ba, sai ambaliya ta sauko da dare. Mutanen Agadas ba su manta da Satumba 2009 ba, lokacin da korin Telwa ya shiga gari ya rushe gidaje masu yawa. A hau tudu a shimfiɗa. Dare yana da sanyi ƙwarai, a riƙe bargo. Da safe a kakkaɓe takalmi saboda kunama.

Darasi na 4: Guzuri

Dabino, cuku, kilishi, ƙuli-ƙuli, gumba, shayi da sukari. Ashana cikin leda. Rawani saboda rana da ƙura. Kada a tafi da sabon takalmi.

Darasi na 5: Kafin a tashi

Ba a shiga sai da jagora ɗan ƙasar. A tambayi hukuma a Agadas halin tsaron hanya. A rubuta wa mutanen gida ranar fita da ranar dawowa.

Aikin gida: mutum 2, fita Laraba, dawowa Asabar. Lita nawa?