Kurakuran da ke lalata furojet ɗin gina muhalli a animeshon

Ɗalibin shekarar ƙarshe da ya zaɓi gina muhalli, wato wurin da labari zai gudana, ba kasafai rashin iya manhajojin 3D irin su Blender ko Maya ke kayar da shi ba. Yawanci ɗaukar dala ba gammo ne: ya rubuta wa malaminsa cewa zai gina tsohon birnin Kano, alhali semesta guda gare shi da laftof ɗaya. Ka rage. Lungu ɗaya da zaure ɗaya, bidiyon daƙiƙa 30 zuwa 45, ɗauka biyar ko shida, sun isa a ga iyawarka.

Kuskure na gaba shi ne gini kafin a ajiye kyamara. Mutum ya ɓata mako biyu yana ƙawata bayan gida, a ƙarshe babu ɗaukar da ta nuna shi. A makon farko ka jera akwatuna masu launin toka a matsayin gidaje da katangu, ka tsayar da siffar mutum mai tsawon mita 1.7 a gefe don kada ƙofa ta fito kamar ta ƙattai, ka kafa kyamarorinka, ka sa hasken rana tun yanzu. Duk abin da kyamara ba ta gani, kada ka gina shi. Wanda ya bar haske sai ƙarshe yakan tarar rabin adon da ya sha wahala a kai ya faɗa cikin inuwa.

Babban ramin shi ne lissafin renda, wato aikin da kwamfuta ke yi na fitar da hotunan ƙarshe. Daƙiƙa ɗaya ta bidiyo firam 24 ce, wato hotuna 24, don haka daƙiƙa 40 firam 960 ke nan. In kowane firam yana cin minti biyar a Cycles, injin renda na Blender, awa 80 ake magana, kwamfuta a kunne babu hutu, kuma ba a sa ɗaukewar wuta a lissafi ba. Tun a watan farko ka fitar da firam mafi nauyi a 1920 x 1080, ka duba agogo, ka ninka. In lissafin ya fi ƙarfinka, rage yawan samfur, wato sau nawa ake lissafa haske a kowane ɗigon hoto, ka kunna mai share ƙwayoyin hoto, ko ka koma Eevee, injin renda na Blender da ya fi sauri. Hazon hunturu yana da kyau a ido amma yana da tsada in aka cika fili da shi. Fitar da bayanin nisan kowane abu daga kyamara daban, ka ɗora hazon lokacin haɗa hotunan bayan renda. Kuma kada ka taɓa yin renda kai tsaye zuwa MP4. Fitar da jerin hotunan PNG ko EXR: wuta ta ɗauke a firam na 600, ka ci gaba daga na 601. Da bidiyo ne, sai dai a sake daga farko.

Wani abin da ke tona asirin aiki shi ne bango miƙaƙƙe sumul kamar an ja shi da rula. Ginin ƙasa ba haka yake ba. Ya fi kauri a gindi, kusurwoyinsa a dakushe suke, ruwan indararo ya bar zane a ƙarƙashinsa, shafe ya zube a wani wuri har tubali ya leƙo, dokin ƙofa ya lotsa saboda takawa. Hotunan intanet ba za su ba ka wannan ba. Je da wayarka da safe da kuma la'asar, ka ɗauki zanko da azara daga kusa, bayan ka nemi izinin masu gida.

Wani kuskuren shi ne ɗora hoton shafe na 4K, wato mai 4096 x 4096, a kan komai, har tulun da ke can nesa. Hoto ɗaya mai 4096 x 4096 yana iya cin kusan megabait 64 a katin hoto, kuma abu ɗaya yakan buƙaci huɗu. Kati mai gigabait 4 ba ya jimawa ya cika, renda ta tsaya. Na gaban kyamara ne kawai ke bukatar 2K ko 4K, na nesa 1K ya wadatar. A Blender, danna Ctrl+A ka tabbatar da girman abu kafin ka buɗe UV, wato shimfiɗar jikin abin da ake ɗora hoto a kai, in ba haka ba zanen zai miƙe. Abin da ke maimaituwa, kamar azara, kwafe shi da Alt+D maimakon Shift+D, don duk su yi tarayya a jiki ɗaya.

Ranar kare furojet, a buɗe fayil a wata kwamfutar a ga komai ya koma ruwan hoda: hanyar hotunan ce ta ɓace. Tara komai a folda ɗaya ko ka cusa hotunan cikin fayil ɗin, ka riƙa adanawa da lamba, 01, 02, 03, kwafi ɗaya a filash, ɗaya a Google Drive. Kayan da ka sauke, ko da na kyauta ne irin na Poly Haven, ka bayyana su a rahotonka. Makonni uku na ƙarshe kuwa ka ware su don renda, gyara da rubutu, kada sabon gini ya shigo cikinsu.