Yadda ake gano ciwon kuloci a tsohuwar tarakta kafin a raba ta biyu

Tarakta irin Massey Ferguson 135, wadda aka ƙera daga 1964 zuwa 1975, har gobe tana huɗa a gonakinmu. Abin da ke ba ni takaici shi ne, da zarar giya ta fara gurzawa, sai sabon bakanike ya ɗauko jak ya ce a raba tarakta biyu, wato a raba inji da giya don a kai ga kuloci. Aikin yini biyu ke nan, ga kuɗin farantin kuloci, wanda ke haɗa inji da giya, alhali sau da yawa sifana ɗaya ta isa.

Fara da feda. Danna ta da hannu, kar ka sa ƙafa, ka ji wasan da take yi kafin ta yi nauyi. Ya kamata a sami kamar faɗin yatsa guda. Yayin da faranti ke cinyewa, wasan nan yana raguwa har ya ɓace, boris, wato abin da ke danna yatsun kuloci in ka taka feda, ya riƙa gugar su ba hutu. A 135 sai ka sassauta notin da ya ɗaure feda a jikin sandar da ta ratsa gidan kuloci, ka juya sandar har ka ji boris ya taɓa, ka bar wa feda wasanta, ka ɗaure.

Sai gwajin sulɓi. A fili, ba mutum a gaba, ka sa babbar giya, ka taka birki biyun, ka saki kuloci a hankali. Idan inji ya mutu, faranti na da sauran rai. Idan ya ci gaba da ruri kana jin ƙauri, yana sulɓi. Kar ka maimaita, ƙona shi kake yi.

Yanzu leƙa ƙarƙashi. Akwai ƙaramar huda a ƙasan gidan kuloci da wata 'yar waya tana reto a ciki. An sa ta ne don hudar kar ta toshe, kar ka cire ta. Tsokale laka ka ga abin da zai zubo. Baƙin mai yana nuna sil na bayan inji, wato abin da ke hana mai yoyo, ya mutu, mai haske kuma daga giya yake. Farantin da ya sha mai ba ya gyaruwa da wanki. Masu zuba fetur ta hudar sun sayi kwana kaɗan ne kawai, ni ban yarda da shi ba.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne taraktar da ta daɗe a ajiye. An gama aiki, an bar ta a waje wata da watanni, danshi ya shiga, tsatsa ta manne faranti da filawil, wato babban faifan ƙarfen da ke bayan inji. Ka taka feda har ƙasa, nauyinta daidai, amma giya ta ƙi shiga sai ƙara. A nan mutane ke tura liba da ƙarfin tsiya har haƙoran giya su karye, ƙaramin ciwo ya zama babba. Kulocin nan lafiyarsa lau, mannewa ya yi. Ka tayar da inji ba giya, ka bar shi ya yi zafi sosai don zafin ya kai filawil. Kashe shi. Danne feda da guntun katako, sa babbar giya, ku samu mutum uku ku riƙa jijjiga ta gaba da baya. In ta ƙi, wata tarakta ta ja ta a hankali a ƙasa mai tauri, kana zaune a kai, feda a danne, abin kashe inji a jawe don kar ta tashi. Za ka ji ƙas, ta saki. Wata sai an bar katakon a kai kwana biyu kafin ta yarda, kar ka yi gaggawa. Kuma daga yau duk ranar da za ka ajiye ta, ka bar katakon nan a kan feda.

Yawancin 135 kulocinsu hawa biyu ne: rabin taku na tsayar da tafiya, cikakken taku na tsayar da sandar baya mai juya injin casa ko famfo. Idan ita ce ke gurzawa, buɗe murfin ƙasan gidan kuloci, akwai sukurori uku, a bar wa kowanne tazarar milimita 2, duk daidai wa daida.

Sai duk waɗannan sun gaza za a raba ta. Ka sa wa gatarin gaba katako ta gefe biyu don kar inji ya kife, ka tokare ƙafafun baya. Tunda an buɗe, canja faranti da boris da sil gaba ɗaya, ko da na ciki suna da kyan gani. In za ka Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, tafi da tsohon farantin a hannu ka gwada faɗi da haƙoran tsakiya kafin ka biya.