Darasi na 7: Shingen da Ba Ya Kaɗe Ganye

Dangar kara da zana ba sa daɗewa. Gara ta ci gindi, iskar farkon damina ta kwantar da saura, shekara na zagayowa sai a sake sayen wasu. Katangar bulo kuwa sai mai hali. Shi ya sa wannan darasi ya ɗauko shinge mai rai, wato itatuwan da ake jerawa su rufe gida ko lambu daga idon masu wucewa.

Kada ku zaɓi itace da damina. A watan Agusta kusan kowane tsiro kore ne shar. Ku zaga gari a Maris ko Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Birnin Kebbi da Argungu, ku ga wanda ya riƙe ganyensa. A lokacin ne iyali ke kwana a tsakar gida, a lokacin ne kuma aka fi bukatar sutura.

Aguwa da bini-da-zugu sun fi yawa a shingayen gonakinmu, domin dabbobi ba sa cin su, kuma reshe kawai ake kafawa ya kama. Sun dace da iyakar gona. A gida kam ba su yi ba: da rani ya shiga sai su zubar da ganye, a riƙa hango cikin gida ta tsakanin rassa. Ga shi 'ya'yan bini-da-zugu guba ne ga yara, ruwan aguwa kuma yana cutar da ido.

Lalle ya fi su nesa ba kusa ba. Yana jure zafi, yana yin rassa masu yawa, kuma idan ya manyanta yakan yi 'yar ƙaya. Muddin yana samun ɗan ruwa da rani, ba zai tuɓe ba. Ruwan alwala da na ɗauraye kwanuka sun ishe shi, amma a nisantar da ruwan omo daga gindinsa. Ganyen da aka aske ma ba asara ba ne, uwargida ta shanya ta daka, a yi ƙunshi, a kai ragowar kasuwa.

Dogon yaro, wanda asalinsa daga Indiya ne, ya fi kowa haƙuri da ƙishi. Idan ana sare kansa a kai a kai zai zama shinge mai duhu. Sai dai saiwarsa na fasa gini, don haka a ba shi tazarar aƙalla mita 3 daga ɗaki ko rijiya. Lemun tsami kuma sai mai rijiya a gida ko mai lambu a fadama. A Yawuri da Zuru, inda ruwan sama ya fi yawa, ya fi sauƙin rayuwa.

A dasa lalle a watan Yuli, bayan ruwa ya zauna. A yanko reshe mai kaurin yatsa, tsawon kamu ɗaya, a binne rabinsa a ramin da aka cakuɗa da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen taki yana jawo gara. Tsakanin rami da rami a bar taku ɗaya. A kewaye da ƙayar magarya, in ba haka ba akuya ɗaya ta isa ta gama da aikin.

Mutane da yawa kan ji tausayin yanke kan dashe, alhali nan ne sirrin. Idan ya kai gwiwa a datse kansa, idan ya kai ƙugu a sake. Wanda aka bari ya miƙe sama, ƙasansa zai zama fayau, kaji da idon mutane duk su wuce. Kada a cire tsohuwar zana sai shingen ya kai tsayin mutum.

Aikin gida: ku rubuta sunayen itatuwa uku na unguwarku da ba sa kaɗe ganye da rani, ku auna tsawon dangar gidanku da taku, sannan ku lissafa rassan lalle nawa za ku bukata.