Yadda ake saita na'urar VR ba tare da jiri ko lalata gilashinta ba

Tun da Facebook ya sayi kamfanin Oculus a 2014 a kan kusan dala biliyan 2, na'urar VR, wadda ake ɗaurawa a fuska ta nuna wa mutum kamar yana cikin wata duniya, ta fara shiga gidajen mutane. Na'urar kamfanin mai suna Quest 2 ta fito a 2020 a kan dala 299, Quest 3 a 2023 a kan dala 499, kuma dukkansu ba sa buƙatar a jona su da kwamfuta. Sai dai da yawa sukan ɗaura ta sau ɗaya, kai ya juya musu, su ajiye. Galibi matsalar daga saiti take.

Fara da ɗakin. Ana son fili mita 2 a tsaye, mita 2 a kwance, babu tebur babu kujera. Miƙa hannunka sama iya tsawonsa: idan ya kusa kai fankar sama, kashe ta ko ka sauya wuri, domin iyakar filin wasa da na'urar za ta sa ka zana a ƙasa ba ta san da ita ba. Na'urar tana gane inda kake ne ta kyamarorin da ke jikinta, don haka duhu, babban madubi da bango fari fat duk suna rikita ta. Kunna fitila, ka rufe madubin da zani. Idan hoto yana rawa a ƙarƙashin hasken lantarki, shiga saitin bibiyar motsi ka zaɓi 50 Hz, wanda shi ne na wutar Najeriya da Nijar; 60 na Amurka ne.

Abin da aka fi tsallakewa shi ne tazarar da ke tsakanin ƙwayar idanu. Tsaya gaban madubi, ɗora rula a kan gira. Rufe idon dama, ka daidaita sifili da tsakiyar ƙwayar idon hagu, sannan ka rufe hagu ka buɗe dama, ka karanta lambar. Yawancin manya suna faɗawa kusa da milimita 63. Quest 2 tana da matsayi uku, 58, 63 da 68, ana tura gilashin da yatsa; Quest 3 kuwa ɗan gare ne a ƙasanta ake murzawa. In ba a daidaita ba, rubutu zai yi dishi-dishi, kai ya riƙa sarawa a tsakanin gira. Maɗaurin baya ya sauka ya rungumi ƙeya, kada nauyin ya kwanta a kan hanci da kumatu.

Shi jiri yana zuwa ne saboda ido na ganin kana tafiya, alhali sashen cikin kunne mai kula da daidaiton jiki yana jin kana tsaye. Fara da minti 10 zuwa 15, a zaune. A cikin wasa, zaɓi tafiya ta tsalle daga wuri zuwa wuri da juyawa kashi-kashi, maimakon sulalewa. Fankar ƙasa mai hura fuska tana taimakawa sosai. Da zarar ka ji gumi mai sanyi ko yawu ya taru a baki, cire ta nan take. Daurewa ba ta kawo sabo, tsawaita tashin zuciyar kawai take yi.

Rana ce babbar abokiyar gabar na'urar. Gilashin cikinta yana tattara haske wuri guda kamar wanda yara ke ƙona takarda da shi, kuma cikin ƙasa da minti ɗaya zai iya ƙona allon hoton, tabon ba ya fita. Kada a ajiye ta kusa da taga ko a cikin mota a buɗe. Lokacin hunturu a fara hure ƙura kafin a goge, da busasshen ƙyallen goge tabarau, ba bakin riga ba, ba kuma da sinadarin wanke hannu ba.

Caji ɗaya yana kai kimanin awa 2. Kowane rimot na hannu batir AA ɗaya yake ci, a cire shi idan za a daɗe ba a yi amfani ba, kada ya zubar da ruwa a ciki. Meta, wato sabon sunan kamfanin Facebook, ba ta yarda yaro ɗan ƙasa da shekara 10 ya yi amfani da na'urar ba, daga 10 zuwa 12 kuma sai da asusun da iyaye ke kula da shi.